Kada Ki Goge Sifirin Nan, Ummi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Fatakwal, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ya yi laifi kuma ya san ya yi. Ki gaida Innarki da ƙannenki, da duk wanda ya shigo ya tarar ana karanta takardar nan, don na san gidanmu, ba za a bar ki ki karanta ke kaɗai ba. Ina fatan an shigo da gero lafiya, gyaɗa ma ta bushe ba ta sha ruwa ba. Allah ya tsare min ku, ya raba ku da zazzaɓin kaka. Ni nan lafiya lau, in ban da ruwan sama da ba ya gajiya, da gwiwar nan da ke gaishe ni kowace safiya kafin kowa.

Labarin gari ba zan ba ki ba, babu komai a cikinsa sai albasa. Maganarki zan yi.

Innarki ta ce kin haɗa akwatin tafiya Tofa, kin kwance shi, kin sake haɗawa, yanzu kuma yana nan a tsakar ɗaki baki buɗe. Ta ce kin ce za ki koma kwaleji ki roƙa a ɗaga miki koyon koyarwar nan, tifi ɗin nan naku, zuwa baɗi. Dalilinki wai idan uban da ya haife ki ya ga darasin da kika shirya ya faɗi abin da ya faɗa, to malamin da za a turo ya zauna a bayan aji ya ba ki maki me zai ce? Ummi, in kika ɗaga, shekara guda ta tafi, 'yan ajinku su gama su bar ki. Duk a kan sifiri ɗaya da bakin mahaifinki.

Bari in maimaita abin da ya faru don masu sauraro su yi mana shari'a. Kin turo min hoton darasin da za ki koyar ranar da za a zo duba ki: yadda ake lissafa ƙarfin da abubuwa masu caji suke jan juna ko tura juna da shi. Rubutu tsaf, zane tsaf. Na bi har ƙasa, na tarar amsar misalinki na ƙarshe sifiri ce. Na kira ki ina tsakiyar kasuwa, ana ta sauke buhuna, na ce, "Wannan sifirin amsa ce, ko makin da kike nema ne?" Kika ce, "To, Baba." Tun daga nan ban sake jin muryarki ba.

Amsar ba daidai ba ce, wannan ba zan janye ba. Amma ban kyauta ba. Ni a waya ba ni da kirki: waya tana sa ni sauri, sauri yana sa ni faɗa. A takarda kuwa kafin in gama rubuta baƙar magana na huce. Shi ya sa na zauna na rubuto, zan ba Ɗanlami direba in zai taso da manja, ya ajiye miki a Ɗanbatta ranar kasuwa.

Kin san na koyar da fiziks a sakandaren garinmu tun kafin a haife ki, har ranar da masu tantance ma'aikata suka duba kwamfuta suka ce babu ni. Ina tsaye a gabansu, farin alli a hannun rigata, suna gaya min ni ma'aikacin bogi ne. Amma in za a faɗi gaskiya, takarduna biyu kowace da tata ranar haihuwar, ni kuma na yi ta cewa gobe zan gyara. To ga ni nan ina kallon sikeli, ina auna wa mutane albasa a garin da ba a iya gaisuwa ba. Ba don ki ji tausayina na kawo wannan ba. Na kawo ne don ki san wanda ya yi miki tsawa a waya ba gwani ba ne. Kurakuran da ya yi a kan wannan darasin kaɗai sun isa a cika buhu. Ga kaɗan daga ciki.

Zan fara da ranar da aka zo duba ni, tunda ita kike tsoro. Ina sabon malami, ko aure ban yi ba, aka ce sufeto zai zo daga Kano. Darasin nan naki shi ne nawa. Na haddace littafi kamar karatun allo. Littafin ya ce a sa kowane ɗalibi ya goga biro a gashin kansa, ya kai kusa da yagaggun takardu, za su yi tsalle su manne. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa zuwa garinmu ba. Shugaban makaranta, don a burge baƙo, ya kira wanzamai ana gobe, aka yi wa yaran nan aski ƙwal tun daga ƙaramin aji har babba. Ni ma na miƙa nawa kan, kada a ce malami ya fi ɗalibai ƙazanta.

Na tsaya a gaban allo, na gyara murya, na ce kowa ya goga biro a gashinsa. Kawuna sai sheƙi suke kamar an kifa ƙore a rana. Wasu masu biyayya suka fara gogawa a fatar kai. Sai na ga idanun yaran sun juya baya a hankali, inda sufeto yake zaune. Duk ɗakin shi kaɗai ke da gashi, gemu ne da shi har ƙirji.

Dattijon nan ya dube su, ya dube ni, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo biron, Malam. Ai ba don ado kaɗai na tara shi ba."

Ya goga, ya goga, ya kai kan takardu. Ko motsi ba su yi ba. Damina ce, an kwana ana ruwa, gemun kuma ya sha turare mai maiƙo. Ya tambaye ni a gaban yara me ya hana. Ƙarya ta zo min har baki, in ce biron ne ba mai kyau ba, amma tsoro ya hana ni ƙirƙira. Na ce ban sani ba, zan bincika. Shi ya yi wa ajin bayani cewa iska mai laima tana kwashe cajin kafin ya taru, maiƙo kuma yana ɓata gugar. Da zai tafi ya rubuta min na ci. Malam Iro mai koyar da aikin gona, wanda ya leƙo ta taga ya ga komai, shi ya raɗa min Malam Goga. Har yau in na sauka a tasha sai wani mai furfura ya kira ni da shi, in juya in ga ɗalibina ne.

To ki ji. Duk abin da za ki nuna wa yara, ki gwada shi da kanki a safiyar ranar, a cikin ajin da za ki koyar, ba a ɗakin Gwaggonki inda za ki sauka ba. An ce makarantar 'yan mata aka tura ki. Kada ki bi littafi ki ce su goga a gashi. Babu wadda za ta cire hijabi a gaban baƙo namiji, kitson ma ya sha mai. Ki nemi rular roba da busasshen tsumma ko tsohuwar suwaita, ki shanya su a rana kafin a shiga aji, ki goge gumin hannunki. Takarda ma ki bar ta. Ki ɗebi ƙaiƙayin gero a wurin sussuka, ya fi takarda rashin nauyi, kuma babu yarinyar da ba ta taɓa ganin yadda yake mannewa a jikin roba da buhun leda ba. Ki ce musu abin da suka saba gani a tsakar gida shi za a lissafa yau. Kin fi ni sa'a, kaka ce, iska ta bushe. In kuma aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Masu duba malamai akwai azzalumai a cikinsu, na gamu da su, amma ba duka ba.

Kuskure na biyu a kan allo na yi shi, aji guda suka kwafa. Ɗauki misalin da ke cikin darasinki: caji biyu, ɗaya maikrokulom biyu, ɗaya uku, tsakaninsu santimita talatin. Dokar kin san ta: ki ninka cajin farko da na biyu, ki ninka da lambar nan da ba ta canzawa, biliyan tara, ki raba da tazara bayan kin ninka tazarar da kanta. Ni ranar ina sauri, ana jirana a gona. Na ga biyu, na ga uku, na ce shida, na manta da maikro kamar ba a rubuta shi ba. Amsa ta fito niyuton biliyan ɗari shida. Na ja mata layi biyu a ƙasa, na kaɗe hannu, na fita.

Sai da na zo duba littattafansu, ina ta ba su maki ina jin daɗi kowa ya gane, sannan na tsaya na dubi lambar. Ummi, ƙarfin nan ya isa ya ɗaga Ɗanbatta da kasuwarta da shanun da ke ciki. Wai daga 'yan ƙwallaye biyu da aka goga da tsumma. Washegari na shiga aji na ce a soke, malam ya yi kuskure. Malam Iro ya ji labari, ya ce in ara masa biron nan ya cire kututturen kuka da ya tare masa gona.

Maikro kashi ɗaya ne cikin miliyan. Maikro sau maikro kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan. Santimita talatin kuma mita 0.3 ce. In kin mayar da kowa gidansa, sama ta ba ki 0.054, ƙasa ta ba ki 0.09, amsa niyuton 0.6. Wannan kin samu daidai a darasinki, na gani, kuma da shi ya kamata in fara a waya. Shawarata biyu ce. Kafin ki taɓa kalkuleta, ki mayar da maikro kulom, ki mayar da santimita mita, a layinsu daban inda kowa zai gani. Bayan kin samu amsa kuma, ki ɗora ta a tafin hannu ki ji nauyinta. Niyuton 0.6 kusan nauyin ƙwan kazar gidan gona ne. Wannan hankali zai ɗauka. In amsa ta fi ƙarfin tirela, ko ta yi ƙanƙantar da ko ƙaiƙayi ba za ta motsa ba, ki koma baya ki nemo inda kika yar da wani abu. Wannan ɗabi'ar ko a nan kasuwa ita ke cetona. In sikeli ya faɗi abin da kafaɗa ba ta yarda da shi ba, sai in sauke buhu in sake ɗorawa.

Na uku a gona na yi shi, Innarki shaida ce, ki tambaye ta, za ta ba ki labarin har da ƙari. Wata shekara na shuka gyaɗa a ɗan lungun gonarmu ta bayan gida, kwano ɗaya na iri ya ishe ni. Ta yi kyau. Da shekara ta zagayo na ce zan ninka: na ninka tsawo, na ninka faɗi, na ware kwano biyu, sauran na ce a soya. Muna tsakiyar shuka iri ya ƙare, rabin fili yana kallona. Na dawo gida ina zargin ɓera. Innarki tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ɓeran nan dai da alli yake yawo."

In an ninka tsawo an ninka faɗi, fili ninki huɗu ya zama, ba biyu ba. Ni da nake koyar da wannan da safe, na manta shi da yamma. Haka tazara take a dokar nan. In kika ninka nisan da ke tsakanin caji biyu, ƙarfin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Daga santimita talatin zuwa sittin, 0.6 ta koma 0.15. Yara za su ce miki 0.3, da yawansu, don hankali rabi yake so. Kada ki yi musu tsawa irin ta mahaifinki. Ki zana musu fili a ƙasa, ki ninka shi ta gefe biyu, ki tambaye su kwano nawa na iri zai ci. 'Ya'yan manoma ne, kafin ki rufe baki sun ba ki amsa. Daga nan ki kai su allo.

Akwai wani ɗan ƙaramin kuskure da zan saƙa a nan. Na taɓa gaya wa aji cewa mai caji uku ya fi tura mai biyu, tunda shi ne babba. Ina faɗa ina rubutawa, sai na ga biyu sau uku da uku sau biyu duk shida ne. Alli ya tsaya a hannuna. Ƙarfin da babba yake tura ƙarami da shi, da shi ƙaramin yake tura babba, ba ragi ba ƙari. Ki ce su ɗaure bijimin sa da akuya da igiya ɗaya a zuciyarsu. Yadda igiyar take jan wuyan akuya haka take jan wuyan sa. Akuyar ce ake gani tana tafiya don ita ce mara nauyi. Mai duba ki yana iya jefo wannan tambayar, suna son ta.

Yanzu mu zo kan sifirinki.

Kin jera caji uku a layi ɗaya. Na tsakiya maikrokulom biyu mai alamar tarawa. Gefe ɗaya uku mai alamar tarawa, ɗaya gefen uku mai alamar ɗebewa, kowanne santimita talatin daga na tsakiya. Aka ce ki nemo ƙarfin da ke kan na tsakiya. Kika lissafa na farko, 0.6. Kika lissafa na biyu, kika zuba alamar ɗebewa a cikin kalkuleta, ta ba ki 0.6 da ɗebewa a gabanta. Kika haɗa, suka cinye juna, sifiri.

Kin san abin da ya sa na hau ki da faɗa? Na gane shi ne. Sifirin nan nawa ne, gadonsa kika yi. Shi na rubuta a jarrabawar kwaleji, da irin wannan tambayar, na fito ina taƙama ina cewa tambayar tarko ce kuma na tsallake. Ashe ni ne a ciki har wuya. Da na gan shi da rubutun hannunki, sai na ji kamar na haɗu da tsohon abokin faɗa a bakin ƙofata. Shi na yi wa tsawa, ke kika ji.

Ga yadda aka warware min shi, ga kuma yadda za ki warware. Alamar caji ba ta kalkuleta ba ce. Aikinta ɗaya: ta gaya miki ja za a yi ko turi. Masu alama iri ɗaya suna tura juna, masu alama daban suna jan juna. Da ta gaya miki haka, ki sallame ta. Sai ki zauna a kan cajin da aka tambaye ki, na tsakiya, ki dubi maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗayan ba ya nan. Ki ce na farko yana yamma da shi. Alamarsu ɗaya, don haka yana tura shi, turi daga yamma kuwa gabas yake kai mutum. Ki zana kibiya ta nufi gabas. Na biyu yana gabas da shi, alamarsu daban, yana jan sa zuwa wurinsa. Gabas ke nan. Ki zana kibiya ta biyu, ita ma gabas. Yanzu dubi zanenki. Kibiya biyu sun nufi wuri ɗaya. Ina sifiri zai fito?

Tuna ranar da amalanken takinmu ya kafe a yashin rafi. Shanu suna ja ta gaba, mu muna turawa ta baya. Wani zai ce tunda su ja suke mu turi muke, aikinmu ya cinye nasu? Haɗuwa ya yi, shi ya sa muka fita. 0.6 da 0.6, niyuton 1.2, ya nufi wajen mai alamar ɗebewa. Da a ce duka maƙwabtan biyu masu alamar tarawa ne, nan ne sifiri zai zama gaskiya, wannan ya turo gabas, wancan ya turo yamma, na tsakiya ya tsaya cak. Saboda haka kibiya tukuna, lissafi daga baya. Wanda ya fara da kalkuleta a irin wannan tambayar, kalkuleta za ta yi masa biyayya ta kai shi rami.

Kin lura gabas da yamma nake ta cewa, ban ce dama da hagu ba. Wannan ma da wuya na koya. Malami yana fuskantar aji, damarsa hagunsu ce. Na sha cewa kibiya ta yi dama ina nunawa da hannu, rabin aji su zana ta hagu, in yi ta faɗa ina cewa ba sa ji. Mutanenmu kuwa ko tabarma za a ja sai a ce matsa da ita gabas kaɗan. Yarinyar da take sallah ba ta ɓata gabas. Ki yi musu magana da abin da suka tashi da shi.

Ga abin da nake so ki yi, in kin yarda da shawarar mai auna albasa. Kada ki goge sifirin nan. Ki shiga da shi aji. Bayan ƙaiƙayi ya yi tsallensa, kin ba su doka, kun yi misalin caji biyu tare, sai ki rubuta tambayar caji uku, ki yi lissafin yadda kika yi shi da farko, ki rubuta sifiri ƙato a allo. Ki juyo ki tambaye su wa ya yarda. Za su yarda, malama ce ta rubuta. Sai ki sa a fito da benci a ajiye shi gabas da yamma. Yarinya ɗaya ta tsaya ta yamma ta tura, wata ta tsaya ta gabas ta ja. Benci zai tafi, da ƙara ma. Ki nuna musu allo ki ce to ga sifiri, ga benci, wa ya yi ƙarya? Ki bar su su yi gardama. Wadda ta fara cewa malama ce ta yi kuskure, ki ba ta alli ta zo ta zana kibiyoyin.

In mai duba ki ya san aikinsa, zai gane abin da ya gani. In bai sani ba, yaran dai sun gane, kuma ba za su sake rubuta sifirin nan ba har su tsufa. A gidanmu an rubuta shi sau biyu, ya isa haka.

Ba zan ce miki aikin koyarwa yana da godiya ba. Kin ga inda ya ajiye ni. Za ki shiga ajin da babu isassun kujeru, ki nemi kayan gwaji a ce suna cikin kabad, makulli yana hannun wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Za a kira taro a yabi wanda bai taɓa riƙe alli ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma shekarun da na yi ina auna albasa, babu buhun da ya taɓa dubana ya ce, "Au, Malam, yanzu na gane." Wannan kalmar ita kaɗai nake kewa, ita da tuwon Innarki.

A gidan Gwaggonki Asabe za ki zauna. Ƙanwata ce, na san ta: za ta ce karatun boko ya sa ba ki iya dama fura ba, ko da kin fi ta iyawa. Ki yi dariya ki karɓi ludayin. Ki riga 'ya'yanta tashi, ki yi shara kafin ki tafi makaranta. Malaman da za ki tarar, ki gaida kowa har mai gadi, kada ki shiga gulmar ofis, kada kuma ki gyara wa babba kuskure a gaban yara, ki same shi shi kaɗai. In kika samu mai tsokana irin Malam Iro, Allah ya ji ƙansa, kada ki yi fushi. Duk shekarun nan shi ya fi kowa yi min dariya, kuma ranar da aka ce babu ni, shi kaɗai ya raka ni ofis ya ce ga shi nan yana ganina.

A cikin ƙunshin da Ɗanlami zai ba ki akwai rular roba, lambobinta sun goge, gefe ɗaya ya ɗan fashe. Da ita na koyar da darasin nan bayan abin da ya faru da gemun sufeto, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na taho da ita nan ban san dalili ba. Wani lokaci in kasuwa ta yi sanyi sai in ciro ta in goga a hula, in kai kan ɓawon albasa. Ba ya tashi. Garin nan iskarsa jiƙe take rani da damina, ko gishiri a kwano ruwa yake zama. Rabona da in ga abu ya yi tsalle ya kama rular nan tun barina gida. Ba lalacewa ta yi ba, ƙasar ce ba tata ba. Ki shanya ta a rana ki gani.

Ki rufe akwatin nan, Ummi, ki tafi Tofa. Ranar da aka duba ki, in kin fito daga aji, ki kira ni. Makin ki riƙe shi tukuna, Innarki za ki fara gaya wa. Ni abin da nake so in ji shi ne ƙaiƙayin ya tashi ko bai tashi ba, bencin kuma ina ya nufa. Zan fita daga cikin kasuwa in samu inuwa, in kara wayar a kunne in yi shiru har ki gama. Wannan alkawari ne, masu sauraro ku shaida.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mutum da na baki, har da bakin mahaifinki. Allah ya buɗe miki ƙirji ranar da za ki tsaya a gaban allo, ya sa yaran su so ki, ya sa mai duba ki ya zo da adalci. Ya dawo min da ke gida da mutuncinki, ni ma ya mayar da ni in same ku. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Sabo, wanda tsofaffin ɗalibai suke kira Malam Goga.